Ɗalibin Malamar Asabar

Ranar Asabar da safe ajin Turanci na manya ya cika maƙil. Ɗakin a saman wani shagon littattafai yake, da kujerun roba guda ashirin, da farin allo, da taga mai kallon titi. Malama tana tsaye tana rubutu aka turo ƙofa.

Wani dogon saurayi ne ya shigo. Rigarsa ta sha guga, amma baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Ya yi sallama, ya haɗa hannuwa a baya, sannan ya saki maganar da tun a hanya yake bitarta.

"Good morning, Madam. Please, I want you to learn me English."

Ajin ya kwashe da dariya. Wani direba da ke layin gaba har da buga cinya, Hajiya mai ɗinki kuwa ta rufe baki da mayafi tana girgiza.

Malama ta danne tata dariyar da ƙyar. Ta dubi ajin ta ce, "To ku masu dariya, wa zai faɗa mana inda ya kuskure?"

Suka shiga kallon juna.

"Kun gani? Zauna, bawan Allah, ba laifinka ba ne." Ta juya ga allo ta rubuta kalmomi biyu. "Mu a Hausa kalma ɗaya muke juyawa. Na koya, na koya masa. Turanci kuwa ya raba aikin gida biyu. Learn na mai karɓar ilimi ne, teach na mai bayarwa. Ni zan yi teach, kai kuma ka yi learn."

Saurayin ya ɗaga hannu kamar ɗan firamare. "Malama, wato ba a yi wa mutum learn?"

"Ba a yi."

"Ko da ana son a san shi sosai?"

"Kai, daga zuwanka!" in ji direba, aka sake fashewa.

Shi bai yi nufin komai ba, amma da idonsa ya haɗu da nata sai ya ji kunnuwansa sun ɗau zafi. Ita ma ta juya ga allo da sauri, ta goge abin da bai kamata a goge ba.

Saurayin nan, kowa a layinsu Injiniya yake kiransa. Gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, kuma in firij ya gagari kowa, shagonsa ake kawo shi. Yana aji biyu na sakandare mahaifinsa ya rasu, ya ajiye jaka ya kama sana'a don ya riƙe mahaifiyarsa da ƙannensa. Watanni biyu da suka wuce wani kamfani mai haɗa ɗakunan sanyi na ajiye magani ya kira shi intabiyu. Injin da suka ba shi na gwaji, cikin minti goma ya tayar da shi. Da aka zo tambayoyi da Turanci kuwa, bakinsa ya kulle gam. Suka ce hannunsa sun gani, ya je ya gyara bakin ya dawo bayan wata shida.

Abin da ya kawo shi ke nan. Ita kuma Malama a sakandare take koyarwa ranakun aiki, ajin Asabar don Allah take yin sa.

Ta ɗora wa kowa aikin gida: kullum da safe a turo mata jimla ɗaya ta waya. Sauran ɗaliban suka yi kwana uku suka watsar. Injiniya ko kwana ɗaya bai taɓa tsallakewa ba.

"Yesterday I learn new word from carton of fridge."

Ta amsa: "Jiya ya wuce, don haka learned za ka ce. Learnt ma daidai ne. Wace kalma ce?"

"Fragile. Na duba, wai abin da ke saurin fashewa. Kamar Turancina."

Ta yi dariya ita kaɗai a ofishin malamai har aka waiwayo.

Wata Asabar ta koya musu yadda kalmar ke sauya riga. "In ka ce learn to, ka koyi yin abu ke nan. Learn about, ka samu sani a kan abu. Learn from, ka ɗauka daga wurin wani. In kuwa ka ce learn by heart, to ka haddace."

Injiniya ya ɗaga hannu. "Heart ba zuciya ba ce?"

"Ita ce."

"Ikon Allah. Mu da ka muke hadda, su da zuciya. Wallahi nasu ya fi daɗi."

Washegari da safe saƙonsa ya shigo: "I have learned your number by heart."

Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa. A ƙarshe ta tura: "Babu kuskure ko ɗaya."

Bai yi minti guda ba ya amsa: "A jimlar ko a ni?"

"Ka je ka yi aikinka, Injiniya."

"Na tafi. Amma zuciyar da ta yi haddar na bar ta a wurinki."

Daga ranar ta daina zama Malama kawai, ta koma Malamata. Shi kuma ya zama Ɗalibina. Bayan an tashi daga aji yakan ɗaukar mata jakar littattafai har tashar mota, suna tafe yana karanta mata duk allon talla da suka wuce, tana gyara masa, yana ƙara kuskure da gangan don ya ji ta ce, "Kai dai ba ka ji!"

Rannan a tashar ya tsaya, ya ajiye wasa. "Malamata, ni ban iya doguwar magana ba. Aurenki nake so. In kin ga ban kai ba, ki faɗa min yanzu, zan ci gaba da zuwa aji kamar kowa."

Ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta. "Wa ya ce ba ka kai ba?"

"To ki ce wani abu mana, numfashina na shirin tsayawa!"

"Ka zo ka gaida Abba."

Da motar ta tashi ta hango shi ta taga yana tafiya yana tsalle-tsalle kamar wanda ƙasa ke ƙona wa ƙafa.

Sai dai Abba ba kanwar lasa ba ne. Shekara talatin da biyar yana koyarwa, ya yi ritaya yana shugaban makaranta, har yau unguwa Hedimasta take kiransa. Ko takardar gayyata aka kawo masa sai ya ciro biro ya gyara waƙafi. Kuma ya riga ya yi wa 'yarsa zaɓi a ransa: ɗan amininsa, wani malamin jami'a da ake kira Dakta, mai zuwa duk Lahadi da jarida a hammata.

Ranar da Injiniya zai zo, Malama ta ba shi wasu takardu a ƙofar gida. "Tambayoyin intabiyu ne guda hamsin da amsoshinsu. Darasinka na ƙarshe ke nan. In ka haddace ka sanar da ni." Ya soka su a aljihu, ya shiga falo ya durƙusa.

Ya tarar Dakta na zaune ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Hedimasta ya amsa gaisuwa, sannan ya juya harshe zuwa Turanci da gangan. Ya tambaye shi sana'arsa, ya amsa. Ya tambaye shi makarantar da ya gama. Nan gumi ya karyo masa, kalmomin suka watse, ya haɗa jimla ta fito a karkace. Dakta ya yi wata 'yar dariya ta hanci ya maimaita jimlar yadda ya kamata, a hankali, kamar mai magana da jariri.

Hedimasta ya cire tabarau. "Yaro, ba na raina sana'a. Amma rayuwata kaf a aji na ƙarar da ita. 'Yata ba za ta ƙare a hannun wanda bai gama sakandare ba. Ka yi haƙuri."

"Na gode, Baba," in ji Injiniya. Ya miƙe ya fita bai ɗaga kai ba.

Malama tana bayan labule ta ji komai. Ta kira shi, bai ɗauka ba. Kwana ɗaya, biyu, uku, babu saƙon safe. A rana ta huɗu tana tsakiyar duba jarrabawar ɗalibai wayarta ta yi ƙara.

"Malamata, I have learned my lesson."

Biron ya suɓuce daga hannunta. Ita ta san abin da masu harshen ke nufi da wannan magana: na ɗanɗana, na daddara, ba zan ƙara ba. Wato wulaƙancin falo ya ishe shi, ya janye. Hawaye suka cika mata ido. Ta rubuta masa: "Na gane. Allah ya haɗa kowa da rabonsa." Ta toshe lambarsa, ta kifa kai a kan tebur.

Asabar ta zo, wani malami ne ya shiga ajin a madadinta. Injiniya ya zauna har aka tashi yana kallon ƙofa.

A gida kuwa Malama ta daina cin abinci sai an matsa. Umma ta tare Hedimasta yana shan shayi. "Malam, ka dubi yarinyar nan kuwa? Duk ta zube. Shi Daktan naka sau nawa ya taɓa tambayarta me take so? Zuwa yake ya yi lacca ya tafi."

Hedimasta ya ture kofi. A zatonsa yaron ne bai daina damunta ba. Da la'asar ya ɗauki sandarsa ya nufi layin masu gyara, ya ƙudura zai ja masa kunne na ƙarshe.

Shagon ɗan ƙarami ne, firij-firij a jere bakinsu a buɗe, da tukunyar gas a kusurwa, da wayoyi a rataye. Injiniya yana bayan wata firiza a durƙushe, bai ji shigowarsa ba. A kan teburin aiki, tsakanin sukundireba da filaya, Hedimasta ya ga littattafan rubutu guda bakwai a ɗaure da roba. Ya zaro ɗaya ya buɗe. Jimloli ne shafi bayan shafi, kowace da gyaran 'yarsa, kuma a ƙarƙashin kowane gyara an sake rubuta jimlar sau goma. Ya buɗe na bakwai. Wannan babu gyara a ciki, rubutun kwanan nan ne.

Bai san lokacin da hannunsa ya shiga aljihu ya ciro biro ba.

Da Injiniya ya ɗago, sai ya ga tsohon da ya kore shi zaune a kan bokitin fenti, tabarau a karan hanci, yana ta maki.

"Baba! Sannu da zuwa, bari in kawo kujera..."

"Tsaya. Wa ya koya maka rubuta receive daidai? 'Yan aji shida ma kuskure suke yi."

"Sau hamsin na rubuta ta, Baba."

Hedimasta ya yi gyaran murya, ya tuna abin da ya kawo shi. "Na ce ka fita harkar 'yata. Me kake faɗa mata da ta daina cin abinci?"

"Ni? Wallahi ita ta kore ni. Ga shi ka gani." Ya miƙa masa wayar.

Hedimasta ya karanta saƙonnin biyu. Ya sake karantawa. "Da ka rubuta wannan, me kake nufi?"

"Darasin da ta ba ni, tambayoyi hamsin. Ta ce in na haddace in sanar da ita. Da na bar gidanku raina ya ɓaci, na kulle shago kwana uku na zauna a kansu har na haddace kaf. Shi ne na yi mata albishir."

Tsohon ya dube shi, ya dubi wayar. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ta ƙwace masa har da tari, har sandarsa ta faɗi.

"Albishir! Yaro, in mai harshen ya ce ya yi learn ɗin lesson ɗinsa, nufinsa ya sha wuya ya daddara, ba zai sake ba. Ce mata ka yi ka fasa!"

Injiniya ya miƙe zumbur. "Na shiga uku! Baba, don Allah bari in je..."

"Zauna. Ka ce ka haddace? Tambaya ta goma sha bakwai."

Ya amsa. Ta talatin da biyu, ya amsa. Ta huɗu, ta arba'in da tara, duk ya zuba su babu gargada. Hedimasta ya rufe takardar tambayoyin da ya ɗauka a kan tebur, ya jefo masa wadda ba ta ciki: me ya sa firij ke yin ƙanƙara a baya amma cikinsa ba sanyi? Injiniya ya fara bayani da Turancinsa mai ɗingishi, yana nuna bututu da yatsa. Tun yana tuntuɓe har bakin ya sake, domin abin da ya sani ne kamar tafin hannunsa. Tsohon ya matso yana leƙawa.

"Au, ashe haka abin yake? Shekara ashirin namu na yin haka, ina zaton halinsa ne." Ya miƙe ya karkaɗe riga. "Yaushe ne intabiyun?"

"Laraba ta sama."

"Gobe ƙarfe huɗu zan dawo. Ba don kai ba. Don kada a ce ɗalibin 'yata ya faɗi."

Da ya koma gida ya ɗaure fuska ya kira ta falo. "Ke wai malamar Turanci ce? Ɗalibin wata huɗu ya rubuto miki magana, ba ki tambaye shi me yake nufi ba, kika ɗauka ya san karkatacciyar ma'ana? Tambayoyinki hamsin ya haddace, shi ne ya sanar da ke!"

Ta tsaya baki buɗe. Sai ta dafe kai. "Abba, a ina ka..."

"Ban ce na yarda ba. Na dai ce ki buɗe lambar mutane."

Ta kwasa da gudu har tana karo da Umma a ƙofa. Ta buɗe lambarsa ta rubuta: "Ɗalibina, ka yafe min. Malamarka ce ta faɗi jarrabawa."

Amsa ta dawo nan take: "Na ba ki maki ɗari. Amma daga yau duk maganar zuciya da Hausa zan yi ta, Turanci ya kusa kashe ni."

Kwana tara Hedimasta yana zuwa shagon. Masu gyara na layin suka saba da jin muryarsa tana tashi, "Again! Buɗe bakinka!" A rana ta biyar ya fara zuwa da biskit a leda. A ta bakwai aka gan shi riƙe da tocila yana haska wa Injiniya bayan firiza, yana tambaya kamar sabon ɗalibi. Ranar Lahadi Dakta ya zo da jaridarsa aka ce Hedimasta yana shagon gyara. Ya bi shi can, ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallonsu sun haɗa kai a kan littafi suna gardama. Bai shiga ba. Ya juya, kuma bai sake zuwa zance ba.

Ranar Laraba Malama ta kasa koyar da komai. Ta ba 'yan aji karatu ta zauna tana juya waya. A gida Hedimasta yana safa da marwa a tsakar gida yana duba agogo, yana ce wa Umma shi ko a jikinsa.

Ƙarfe ɗaya saura saƙo ya shigo wayoyi biyu a lokaci guda: "Sun ɗauke ni! Har shugaban ya tambaya a ina na koyi Turanci, na ce malamai biyu gare ni, ɗaya mai sanda, ɗaya mai kyau."

Malama ta saki ihu a tsakiyar aji, 'yan mata suka miƙe suna tambayar lafiya. Hedimasta kuwa ya ɗaga sanda sama yana faɗin, "Ɗalibina ne! Ni na horar da shi!"

"Au, yanzu naka ne?" in ji Umma.

Da yamma Injiniya ya zo ya durƙusa a falon nan dai. Hedimasta ya dube shi. "Na yi shekaru ina raba takardun shaida, har na manta ba takardar ce ilimin ba. Na ɓata maka rai a ɗakin nan, ka yafe min. Ka turo manyanka."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. 'Yan ajin Asabar suka zo kaf ɗinsu. Hajiya mai ɗinki ita ta ɗinka kayan amarya, direba kuma ya rantse babu motar da za ta kai ta sai tasa. Mahaifiyar ango ta rungume Umma suna kuka suna dariya. Da za a tafi da ita, Hedimasta ya kama hannun 'yarsa ya yi niyyar jawabi mai tsawo. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Allah ya yi muku albarka. Ku riƙe juna da gaskiya." Sai ya juya yana goge tabarau.

Kafin magariba 'yan rakiya sun watse. Ta rage ita kaɗai a sabon ɗakin, akwatuna a jingine, labule na ƙamshin sabunta. Sai wayarta ta yi ƙara.

"Amaryata, ina bakin ƙofa tun ɗazu. Ƙafafuna sun ƙi motsi. In shigo?"

Ta yi dariya har da hawaye. Ba ta rubuta komai ba. Ta tashi, ta gyara mayafinta, ta je ta buɗe masa da kanta.

"Shigo, maigida," ta ce. "Gidanka ne."

Allah ya ba su zaman lafiya, ya albarkaci gidan da zuri'a ta gari.